Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Jami'o'in Kano Kan Littattafan Tsofaffin Ɗalibansu

Zuwa ga shugabannin jami'o'in birnin Kano, da shugabannin ɗakunan karatunsu, da jagororin ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwar girmamawa, masu wannan takarda 'ya'yanku ne da kuka yaye, waɗanda Allah ya sa abincinsu a sana'ar littafi. A cikinmu akwai masu tace rubutu, da masu tsara shafuka a kwamfuta, da ma'aikatan maɗaba'a, da masu shagunan littattafai, da ma'aikatan ɗakin karatu. Muna magana ne a madadin kanmu, da kuma a madadin 'yan'uwanmu tsofaffin ɗalibai da suka buga littattafai a 'yan shekarun nan, waɗanda aikinsu ke biyowa ta hannunmu kafin ya fita da kuma bayan ya fita. Gyara kayanka, in ji Hausawa, ba ya zama sauke mu raba.

Tun kafin 1977 da Jami'ar Bayero ta zama cikakkiyar jami'a ake yaye masu digiri a birnin nan, kuma yau an sami ƙarin jami'o'i na jiha da masu zaman kansu. Waɗanda aka yaye ɗin suna rubutu, ba kaɗan ba: waƙoƙi, ƙagaggun labarai, tarihin magabata, fiƙihu, shari'a, kiwon kaji, lafiyar mata masu ciki, lissafin sakandare, cikin Hausa da Ingilishi da Larabci. Kowa ya san yadda ake yi. A kama zaure ranar Asabar, a sa uban taro da mai sharhi da babban mai ƙaddamarwa, a yi alƙawuran kuɗi waɗanda wasu a cika wasu a bi ruwa, a raba ruwa da lemo, a watse. Bayan wata shida ka nemi littafin a shagunan Sabon Gari, babu. Ka duba ɗakin karatu, babu. Ragowar kwafin na cikin kwali a ƙarƙashin gadon marubucin, gara na ci. In wani mai bincike ya zo daga Zariya ko Yamai ya ce a ba shi jerin littattafan da tsofaffin ɗaliban jami'a kaza suka buga bara, wane ofishi za a nuna masa?

Kukanmu na farko ke nan: ba a yi wa littattafan nan rajista a ko'ina. Abin ma yana farawa ne tun daga lambar littafi ta duniya, wato ISBN. A Nijeriya Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita. Tun daga farkon 2007 lambobi 13 ce, kuma littattafan da aka saba gani daga ƙasar nan suna farawa da 978-978. Marubuci da yawa bai san haka ba, sai ya ce wa mai bugu ya “sa masa lamba”. Wani mai bugun ya ɗauko lambar wani tsohon littafi ya manna, wani ya ƙirƙiro daga kansa. Gane ƙirƙirarriya ba ta da wuya, duk wanda ya iya jimla zai iya: a ninka lamba ta farko da 1, ta biyu da 3, ta uku da 1, ta huɗu da 3, haka har ta goma sha uku, sannan a haɗa. In jimlar ba ta rabu da 10 daidai ba, lambar bogi ce ko an yi kuskure wajen buga ta. Wannan gwajin ba ya kama wadda aka sato daga wani littafin, ita sai an nemo ta a intanet an ga sunan wa ta fito da shi. Akwai kuma kuskuren da masu gaskiya ma ke yi: a sake fitar da littafi da ƙarin babi biyu, ko a fitar da shi a matsayin littafin waya, amma a bar tsohuwar lamba. Sabon bugu mai gyara yana buƙatar sabuwar lamba, kowace siffa ta littafin ma haka. Wanda aka sake bugawa ba tare da canja komai ba ne kaɗai ke riƙe tasa. Illar wannan ita ce ɗakin karatu na waje ba zai iya yin odar littafin ba, dillali ba zai sa shi a jerinsa ba, mai nazari kuma in ya ambace shi a aikinsa babu yadda za a bi sawu.

Dokar Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa duk mai buga littafi ya kai kwafi 3 cikin wata guda da fitowarsa, a ajiye biyu, a tura ɗaya Jami'ar Ibadan. Gwamnatin jiha kwafi 10 take bayarwa na abin da ta buga, ta tarayya 25. Wanda ya buga littafinsa da kuɗinsa shi ne mai bugawa a idon doka, nauyin nan a kansa yake. Mafi yawan marubutan da ke zuwa wurinmu a bakinmu suke fara jin wannan magana, bayan sun shekara huɗu ko biyar a jami'a. Abin dubawa a nan: doka ta tanadar wa Ibadan kwafi, amma jami'ar da ta koya wa marubucin riƙe alƙalami sai in ya tuna ya kai mata kyauta.

Na biyu, tacewa. Ba za mu ɓoye ba, littattafai da yawa na fita da kurakuran da ke sa mai karatu ya tambayi wace makaranta marubucin ya yi. A na Hausa, raba kalma da haɗa ta ne kan gaba: “yace” a maimakon “ya ce”, “acikin” a maimakon “a cikin”, “da ga” a inda ake nufin “daga”. Ga kuma baƙaƙe masu lanƙwasa. Kafin zuwan Unicode, tsarin da ke sa kowane baƙi ya fito iri ɗaya a kowace kwamfuta, an yi amfani da wasu nau'o'in rubutu na kwamfuta da suka ɗora ƙ a kan maɓallin q, ɗ a kan x, ɓ a kan v, wasu kuma a kan maɓallan baka. Sun yi amfani a zamaninsu, Allah ya saka wa waɗanda suka ƙirƙire su. Matsalar ita ce har yau ana aiki da su. Marubuci ya gama aikinsa lafiya lau a kwamfutarsa, ya kai fayil maɗaba'ar da ba ta da wannan nau'in rubutun, sai “ƙasa” ta koma “qasa”, “ɗaya” ta koma “xaya”, ko a ga 'yan akwatuna a madadin baƙaƙen. In ba a duba ba haka za a buga kwafi 500. Ko da bugun ya fita daidai, sunan littafin da aka kwafa daga irin wannan fayil zuwa kundin ɗakin karatu ba zai fito ba in mai nema ya rubuta kalmar yadda take. Maganin ba tsada: a rubuta da Unicode tun farko, a mayar da aikin PDF tare da cusa nau'in rubutun a cikinsa, a fitar da gwaji a takarda, wani wanda ba marubucin ba ya karanta shi daga bango zuwa bango, marubuci ya sa hannu a kowane shafi kafin a ƙona farantin bugu ko ɗaya. Abin takaicin shi ne a wannan birni ne masana suka yi shekaru suna aikin daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa, a nan aka shirya Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Ilimin na cikin gida, bai dai isa teburin mai tsara shafi ba.

Na uku shi ne jikin littafin kansa, kuma a nan za mu ɗan daɗe, domin nan kuɗin marubuci ke salwanta ba tare da ya sani ba. Ɗauki littafi mai girman A5, shafi 160, kwafi 500, baƙar tawada zalla a ciki. Falle ɗaya na A2 yana ɗaukar shafi 8 a kowace fuska, 16 ke nan gaba da baya. Kowane kwafi zai ci falle 10, kwafi 500 falle 5,000, wato rim 10 tunda kowane rim falle 500 ne, sai a ƙara rabin rim zuwa rim guda saboda wanda zai lalace wajen saita inji. Farantin bugu 20 na ciki, 4 na bango mai launi. Marubucin da ya san wannan lissafi ba za a yi masa kuɗin rim 15 ba. Zai kuma san cewa in shafukansa 164 ne, ƙarin huɗun nan sun jawo masa wani falle da wasu farantai, don haka ko ya rage su koma 160 ko ya cika su zuwa 176.

Takardar ciki mai nauyin giram 70 ko 80 a kowace murabba'in mita ake so. In aka sauko zuwa 60 don a rage kuɗi, rubutun bayan shafi zai riƙa leƙowa, ido ya gaji tun kafin babi na biyu. Bango kuwa kati ne mai giram 250 zuwa 300, a sa masa leda. Ƙasa da haka zai naɗe kamar ganyen da rana ta daka. Kaurin ƙashin bayan littafi ma lissafi ne: shafi 160 warƙa 80 ce, a takarda mai giram 80 wajen milimita 8. Mai zanen bango da bai tambayi yawan shafi da nauyin takarda ba zai yi kirdado, sai sunan littafin ya zame daga ƙashin baya ya hau gaba. Hoton da za a buga sai ya kai ɗigo 300 a kowane inci. Wanda aka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, zai fito dishi-dishi, fuskar marubuci kamar an shafa mata toka. A kuma bar rarar milimita 3 a gefunan bango saboda wuƙar yanka, in ba haka ba farin layi ya bayyana a baki.

Sai haɗi. Yawancin abin da ake yi yanzu gam mai zafi ne kawai: a yanke bayan takardun, a shafa gam, a manna bango. In ba a karce bayan takardun ba yadda gam zai shiga, ko gam bai yi zafin da ya kamata ba, littafin ba zai ga damina biyu ba. Yanayin Kano ba ya raga wa irin wannan aiki. Hunturu ya busar da gam ya yi ƙaras, zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 ya sassauta shi a cikin shago mai rufin kwano, mai karatu ya buɗe tsakiya shafuka su zubo masa a cinya. Littafin da za a ajiye a ɗakin karatu ɗaruruwan hannaye su taɓa shi, ɗinkin zare yake so kafin gam, musamman in ya haura shafi 200. Akwai ma abin da ko wasu masu bugun ba sa kula da shi: takarda tana da hanyar da zarenta ya kwanta, kuma dole ya bi tsayin ƙashin baya. In aka yanka ta a gicciye littafin ba zai buɗu sosai ba, shafukan su yi ta kumbura. Gwajinsa shi ne a lanƙwasa falle ta tsaye da ta kwance, inda ya fi saurin lanƙwasuwa nan zaren ya bi. Duk wannan na faruwa ne a lokacin da takarda ta yi tsadar da kowa ya sani, domin masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin babu wadda ke wadatar da maɗaba'u da takardar littafi, daga waje ake shigo da ita, farashinta na bin dala. Kowane kuskure a yau asara ce babba.

Na huɗu gajere ne. Marubuci na buga kwafi 1,000 saboda an ce masa kowane kwafi zai fi araha, alhali waɗanda zai iya kai wa littafin ba su wuce 200 ba. Injin bugu na zamani mai ɗauka kai tsaye daga kwamfuta yana iya fitar da kwafi 50 ko 100. Kowane kwafi ya fi tsada, amma kuɗin ba ya kwanciya a kwali. Sai an ga ana nema sannan a koma babban inji. Mai shago kuma ba ya sayen littafin da bai san marubucinsa ba, sai dai a ajiye masa in an sayar ya biya, sau da yawa babu ko takardar shaida tsakaninsu, daga nan rigima ke tasowa.

Na biyar ya shafe ku kai tsaye. Wani kaso mai yawa na littattafan nan kundin digiri na biyu ko na uku ne aka sauya wa bango. Ana barin babin bitar ayyukan da suka gabata yadda yake, da na hanyoyin gudanar da bincike, har da shafin sa hannun masu dubawa wani lokaci. Kundi an rubuta shi ne don ya gamsar da malamai uku ko huɗu, mai saye a kasuwa kuwa ba zai haƙura da shafi 60 na sharar fage ba. Mayar da kundi littafi aiki ne na watanni: a taƙaita bitar zuwa 'yan shafuka, a mayar da bayanin hanyoyin bincike rataye, a sake gabatarwa, a fassara duk abin da aka ɗauko da wani harshe, a yi fihirisa. Asusun tallafa wa manyan makarantu, wato TETFund, na da tallafin mayar da rubuce-rubucen ilimi littattafai, amma na malaman da ke aiki a manyan makarantun gwamnati ne. Wanda ya gama ya tafi koyarwa a sakandare ko aikin asibiti ko kasuwa a Kantin Kwari, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Kowace jami'a ta buɗe rajistar littattafan tsofaffin ɗalibanta, a ɗora nauyinta a kan ma'aikaci guda sananne a ɗakin karatu, ba kwamiti ba. Fom mai shafi ɗaya ya isa: sunan marubuci yadda yake a bango da yadda yake a takardar shaidar digiri (mata da yawa suna canja suna bayan aure, wasu marubutan kuma da laƙabi suke rubutu), sashe da shekarar gamawa, sunan littafi, harshe, maɗaba'a, gari, shekara, yawan shafi, ISBN, da inda ake sayarwa. A wallafa jerin a shafin jami'a na intanet, a sabunta shi duk wata uku. Sharaɗin shiga rajistar shi ne marubuci ya kawo kwafi 2 da shaidar cewa ya kai ukun da doka ta ce. Da wannan sharaɗi kaɗai za a gyara rabin matsalar lambar bogi.

Kwafi biyun nan, ɗaya a ba shi lambar aji a sa shi cikin sauran littattafai inda ɗalibi zai ci karo da shi. A tsarin da akasarin jami'o'in ƙasar nan ke bi, na Ɗakin Karatun Majalisar Amurka, Hausa tana tsakanin PL8231 da PL8234, a tsarin Dewey kuma harshen na 493.72, adabin na 893.72. Ɗayan a ajiye shi a kanta ta musamman da ba a ba da aro, nesa da taga da bangon da ke tsattsafo. Muna jaddada lambar aji ne saboda littafin kyauta ya saba kwana a ofis shekara da shekaru ba a shigar da shi ba, tunda ba a cikin odar saye ya zo ba. Wanda marubucinsa ya yarda a rubuce, a ɗora PDF ɗinsa a ma'ajiyar jami'a ta intanet. A rubuce muka ce, domin a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 haƙƙin littafi na marubucinsa ne har shekara 70 bayan rasuwarsa, kasancewarsa tsohon ɗalibi bai ba jami'a ikon ɗaukar hoton littafinsa ta watsa ba.

Sassan harsunan Nijeriya da Ingilishi da Larabci su kafa teburin tacewa mai farashi sananne a kan kowane shafi. Ɗaliban digiri na biyu su yi aikin ƙarƙashin malami, su sami na kashewa, su kuma koyi sana'ar da ake nema. Littafin likitanci ko shari'a ko addini kuwa sai masani a fannin ya karanta shi kafin a sa shi a rajista a matsayin wanda aka duba, kuma a bambanta a fili tsakanin “an karɓa” da “an duba”, kada sunan jami'a ya zama hatimin da ake mannawa a kan kowane irin abu. Jami'ar da ke da maɗaba'a ta fitar da takarda mai shafi huɗu da Hausa da Ingilishi, ɗauke da irin lissafin da muka kawo a sama, a raba ta ga masu gamawa tare da rigar yaye. Mu a shirye muke mu rubuta ta kyauta, ku duba.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai kuma, ku ne kuka fi kowa kusa da aljihun masu hali. A makon bikin yaye ɗalibai, lokacin da iyaye da baƙi suka cika harabar, a kafa rumfar littattafan mambobi ta kwana uku. Muna ba da shawarar a rubuta yarjejeniya: yawan kwafin da aka karɓa, farashi, kason rumfa kada ya wuce kashi 25 cikin ɗari, a biya marubuci cikin mako biyu, a mayar masa da ragowar. Daga abin da rumfar ta samu a riƙa sayen kwafi ana kai wa Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da makarantun sakandare na cikin birni. In za a ba da kyautar littafin shekara, a fitar da sharuɗɗanta tun kafin a karɓi littafi ko ɗaya, kuma alƙalan kada su kasance cikin masu takara ko surukansu.

Roƙo ɗaya da za mu yi da babbar murya: kada a mayar da wannan hanyar tilasta wa ɗalibai sayen littafi. Duk littafin da aka ɗaura da makin jarrabawa ya daina zama littafi a idon ɗalibi, ya zama haraji, kuma mu masu shago mun san ba ya sake neman wani littafin marubucin har abada. In littafin tsohon ɗalibi ya cancanci shiga manhaja, sashe ya zauna ya amince, a sayi kwafi 10 a ajiye a ɗakin karatu, wanda ya ga dama ya sayi nasa.

Muna fatan kafin bikin yaye na gaba a sanar da sunan ofishin da marubuci zai kai kwafinsa biyu, da ranakun da ake karɓa. Allah ya taimake ku, ya ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku,
Wasu tsofaffin ɗalibanku masu sana'ar littafi,
Birnin Kano.